Jego Ya Fi Buƙatar Sa Ido da Ruwan Zafi

A gidajenmu, da zarar an ji kukan jariri kuma mabiyiya ta faɗo, sai hankali ya kwanta. A rangaɗa guɗa, a aika wa dangi, maigida ya shiga lissafin ragon suna da itacen wanka, 'yan barka su yi ta shigowa suna cewa an sauka lafiya. A tunaninmu haɗarin yana kan gwiwa ne, kuma an wuce shi. Likitocin mata kuwa sun daɗe da sanin cewa mafi yawan matan da haihuwa ke zama ajalinsu bayan an sauka suke cikawa, kuma kwana ɗayan farko ya fi kowace rana haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 Nijeriya ta rasa mata kusan 82,000 ta dalilin ciki da haihuwa, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk matan da suka rasu ta wannan hanya a duniya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 kuma ya nuna cewa a Arewa maso Yamma haihuwa kusan 16 ce kawai cikin 100 ake yi a asibiti. Ma'anar wannan a fili take. Rayuwar mai jego a ƙasar Hausa galibi tana hannun mutanen gida ne, uwa ko uwar miji ko ungozoma, sai kuma mijin da zai ce a tafi ko a dakata. Abin da waɗannan mutane suka sani, da abin da suka ɗauka ba komai ba ne, shi ke yanke hukunci tun kafin likita ya ga fuskarta.

Ba na cikin masu ganin al'adar jego abin yarwa ce. Kakanninmu sun ware kwana arba'in, likitancin zamani ya ware mako shida, wato kwana 42, a matsayin lokacin da jikin mace ke komawa yadda yake, kuma wannan dacewa tana nuna cewa sun lura da kyau. Mai jego ba ta daka, ba ta ɗiban ruwa, ba ta girki. Ana ajiye mata babbar mace ta kwana da ita, mai haihuwar fari a kai ta gida wanka wurin iyayenta, a yi mata ƙauri da farfesun ƙafar saniya, a ɗaga mata ƙafa daga shimfiɗar miji. A ƙasashe da dama masu arziki mace kan koma gida ita da jaririnta ba mai miƙa mata ko ruwa. To amma tsohuwar da muka ajiye a ɗakin mun koya mata hura wuta da haɗa yaji, ba mu koya mata alamomin da ke kashe mace ba. Wasu daga cikin alamomin ma al'ada ta riga ta ba su fassarar da ke kwantar da hankali, kuma a nan ɓarnar take.

Zubar jini shi ne na farko, domin shi ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya, kuma yana iya gamawa da mace lafiyayya cikin awa biyu. Bayan mabiyiya ta rabu da mahaifa, wurin da ta bari buɗaɗɗen rauni ne mai jijiyoyin jini, kuma abin da ke rufe su shi ne mahaifar ta dunƙule ta yi tauri. Idan ta saki, saboda doguwar naƙuda ko yawan haihuwa ko tagwaye ko ragowar mabiyiya, sai jini ya yi ta kwarara. Ma'aunin likitoci shi ne rabin lita cikin awa 24, kwatankwacin ledar fiya wata guda ɗaya. Wannan ba wani mai yawa ba ne a ido, musamman idan zani da katifa suna shanyewa, kuma ga maganar da aka saba ji cewa jinin banza ne, gara ya fita. Ba jinin banza a jikin macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini. Duk mai jegon da ke jiƙe ƙunzugu sharkaf cikin ƙasa da awa ɗaya, ko take zubar da manyan gudaji, ko ta ce tana jin jiri, ko aka ga gumi mai sanyi da bugun zuciya da sauri, tafiya asibiti ta kama a take. Kafin mota ta iso a murza mata mara da tafin hannu har a ji mahaifar ta yi tauri, a sa ta yi fitsari, a ɗora mata jaririn a nono, domin tsotso yana sa mahaifa ta tsuke.

Cewa saurin ganewa shi ne rabin magani ba ra'ayi ba ne kawai. A 2023 an wallafa sakamakon wani babban gwaji mai suna E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. Abin da aka yi mai sauƙi ne. Ana shimfiɗa wa mace wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, sannan da ya kai iyaka a haɗa duk matakan magani a lokaci guda maimakon a yi ta gwada su ɗaya bayan ɗaya. Mummunan sakamakon zubar jini ya ragu da kashi 60 cikin 100. Idan ƙwararrun ma'aikatan asibiti ma ido yana yaudararsu har sai da aka ba su ma'auni, ina ga tsohuwa a ɗaki da fitilar hannu? Shi ya sa ake so wadda ta haihu a asibiti ta yi aƙalla awa 24 kafin a sallame ta, ko da gida na jiranta. A wasu wurare ma'aikatan lafiya kan ba mai ciki ƙwayoyin misoprostol ta ajiye, ta sha bayan jariri ya fito idan haihuwa ta riske ta a gida. Maganin yana ceton rai, amma shan sa kafin jariri ya fito, ko karɓar allurar naƙuda a kemis, na iya fasa mahaifa.

Na biyu ita ce jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune. Mutane da yawa sun ɗauka ciwon masu ciki ne kaɗai, alhali tana iya kama mace kwanaki bayan haihuwa. Asalinta hawan jini ne, kuma tana yin sallama kafin ta shigo: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a saman ciki ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannaye. Idan ta faɗi tana fizge-fizge, sau da yawa abin da ake fara nema shi ne hayaƙi da mai ruƙiyya, a ce iska ce ta shafe ta. A yi addu'a, amma a yi ta a cikin mota. Akwai allurar magnesium sulphate da ke tsayar da jijjiga, mai araha ce kuma an daɗe da tabbatar da aikinta. A hanya a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata komai. Macen da aka taɓa gaya mata a wurin awo cewa jininta ya kai 140 bisa 90 tana buƙatar a ci gaba da auna ta bayan haihuwa, ko da tana jin garau.

Sai batun da ya fi jawo gardama, wato wankan jego da kunun kanwa. Kowa ya san yadda ake yi. A tafasa ruwa a babbar tukunya safe da yamma, a tsoma ganyen runhu ko darbejiya a riƙa fyaɗa wa mace har jikinta ya yi ja, a wasu garuruwan a kwantar da ita a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, sannan a bi da kunu mai kanwa da yawa don ta gasu kuma nono ya kawo. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa. Sun bi mata 224, suka wallafa bincikensu a 1978, suka danganta matsalar da gishirin da ke cikin kanwa da kuma zafin da ake gasa jiki da shi. Dalilin yana da sauƙin fahimta. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, kuma sodiyam yana riƙe ruwa a jiki. Mai jego dama jikinta na ƙoƙarin fitar da ruwan da ya tara a wata tara, sai ga shi ana ƙara mata, zafi kuma yana tilasta wa zuciya ƙarin aiki.

Masu kare al'ada suna da abin faɗa a nan, kuma adalci ne a kawo shi. Wani bincike na baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na ƙasar nan, wanda aka wallafa a 2020, bai samu hujjar cewa wankan ko kunun su ne ke haddasa wannan ciwon zuciya ba. Abubuwan da suka fi fitowa su ne rama, da hawan jinin ciki, da rashin karatu da rashin sana'a, wato talauci. Amma binciken ya tabbatar da cewa ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma, har a Kano ya kai kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100, wanda yana cikin mafi yawa a duniya. Saboda haka ko mun wanke kanwa daga laifin haddasa cutar, ba mu wanke ta daga laifin tsananta ta ba, domin babu likitan da zai yarda mai raunin zuciya ko hawan jini ta riƙa shan gishiri kofi-kofi, kuma a cikin ɗaki ba wanda ya san wace ce mai raunin. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fassarar da ake yi wa alamomin. Mai jego ta fara kumburin ƙafa, tana haki idan ta je bayi ta dawo, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matasai. Waɗannan alamomin gazawar zuciya ne. A gida kuwa sai a ce ba ta gasu ba ne, sanyi ya shige ta, a ƙara wuta a ƙara kanwa. Ana ba ta abin da ke nutsar da ita da sunan magani, kuma masu yin hakan su ne suka fi kowa son ta.

Gyaran bai kai a zubar da tukunya ba. Ruwan ya zama mai ɗumi wanda mai yin wankan za ta iya barin gwiwar hannunta a ciki, a bar gadon wuta, kada a fyaɗa ganye a kan ɗinkin wadda aka yi wa aiki, wadda aka ƙara kuma ta zauna a ruwan ɗumi mai tsabta maimakon tafasasshe. Kunun gyaɗa da na tsamiya suna nan, kuma abin da ke kawo nono shi ne yawan ba jariri da ƙoshin uwa da shan ruwa. Kuɗin itacen kwana arba'in da za a karkatar da rabinsa ga hanta da ƙwai da kifi da wake da zogale, da ƙwayoyin ƙarin jini da ake so ta ci gaba da sha bayan haihuwa, da ya fi yi mata amfani. Zazzaɓi da ciwon mara da jini mai wari alamar ƙwayoyin cuta ne a mahaifa, kada a tsaya ana cewa zazzaɓin nono ne. Mai jegon da ta daina barci da cin abinci, take yawan kuka, ko ta juya wa jaririnta baya, ita ma ba ta da lafiya. A ƙasashe irin namu kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da ciwon damuwa bayan haihuwa, kuma yana da magani.

Jaririn ma yana cikin wannan lissafi, domin watansa na farko shi ne mafi haɗari a rayuwarsa. Har yanzu akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar, a ce ƙazanta ne, a riƙe jariri da ruwan zafi ko zuma ko madara har nono ya yi fari. Wannan ruwa mai kauri, mai launin ɗorawa, shi ne kariyarsa ta farko daga cututtuka, kuma ana so a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Daga nan har wata shida nono zalla ya ishe shi, ko a zafin watan Afrilu, domin kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma ruwan randa da ake ɗura masa shi ne hanyar gudawa. Zuma ba ta dace da yaron da bai shekara ba. A jinkirta wankansa na farko zuwa awa 24, a goge shi a ɗora a ƙirjin uwa fata da fata a lulluɓe su. Cibiya ba ta buƙatar gashi da tsumma ko man goge baki ko toka. Akwai man chlorhexidine da gwamnati ta amince da shi, a shafa shi da hannu mai tsabta. Cire beli da wanzami ke yi ba ya hana wata cuta, jini da ƙwayoyin cuta kawai yake jawowa. Akwai kuma kafur da ake zubawa a akwatin kayan jarirai, wanda a jikin wasu yaran yake farfasa ƙwayoyin jini ya haifar da shawara mai tsanani. Shawarar da ta bayyana a ranar farko, ko ta kai tafin hannu da na ƙafa, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma shanya jariri a hantsi ba ya maganinta. Haka nan jaririn da ya ƙi kama nono, ko yake numfashi da sauri, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ba a kwana da shi a gida.

Za a ce iyayenmu sun yi duk wannan kuma ga su da ransu, wasu da 'ya'ya goma. Gaskiya ne, sai dai waɗanda suka rayu su ne ke ba da labari. Waɗanda jini ya tafi da su ba sa cikin zaman, amma kusan kowace zuriya tana da marayan da aka ce uwarsa ta rasu a jego. Za a kuma ce komai ƙaddara ne. Haka ne, kuma malamanmu ba su taɓa cewa neman magani ya saɓa wa tawakkali ba. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na asibitin kansa: nisa, kuɗi, tsawa da wulaƙancin wasu ma'aikata, rashin jini a ma'ajiya, ƙaramin asibitin da ake rufewa da magariba. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma hakki ne a kan hukumomi da ba za a yafe musu ba. Amma idan hanya tana da wuya, abin da hankali ke cewa shi ne a tashi da wuri. Tun 1994 masana suka bayyana jinkiri uku da ke kashe masu haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun yana hannun gwamnati, na biyun muna da ɗan iko a kansa, na farkon kuwa namu ne gaba ɗaya. A cikinsa ne kunyar haihuwar fari take, wadda ke sa yarinya ta ɓoye ciwo, da jiran maigida ya dawo daga kasuwa ko ci-rani kafin a fita da matarsa.

Saboda haka shirin jego daga wurin awo yake farawa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar zuwa awo aƙalla sau takwas, na farko cikin wata ukun farko, domin a nan ake gano ƙarancin jini da hawan jini, a ba da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da allurar tetanas. Kafin ciki ya shiga wata takwas ya kamata gida ya san asibitin da ke aiki da dare, da direban da za a kira ko da ƙarfe biyu ne (a wasu jihohin Arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da tsarin ɗaukar mata masu naƙuda), da 'yan'uwa biyu da za su ba da jini, da ɗan kuɗin da ba za a taɓa ba ko don ragon suna. Bayan haihuwa, ko a gida aka yi ta, ana so ma'aikacin lafiya ya duba uwa da jariri sau huɗu: cikin awa 24, a kwana na uku, tsakanin kwana 7 da 14, sai a mako na shida. Zaman ɗaki na arba'in bai hana wannan fita ba. A zuwan farko ake yi wa jariri rigakafin tarin fuka da shan inna da ciwon hanta. Zuwan ƙarshe ya yi daidai da gama wanka da rigakafin mako shida, kuma a nan ya dace a tattauna tazarar haihuwa, domin ana so mace ta huta wata 24 kafin wani cikin, kuma kwanika tana cin uwa da na goye da na ciki.

Iyaye mata da za ku zauna da mai jego, ku bi ta awo ko sau ɗaya ne, ku tambayi ma'aikaciyar lafiya alamomin nan da bakinku. Ku kuma magidanta, ku tara mutanen gida tun ciki bai tsufa ba, ku faɗa a gaban kowa cewa duk ranar da aka ga jini ko jijjiga ko haki ko zazzaɓi, a fita da ita asibiti ko ba kwa nan, kun ba da izini.